Gargaɗi ga masu ’yan tsaki a Kura da Bunkure kafin hunturu ya kankama

Jama'ar Kura da Bunkure da Kadawa, iska ta fara juyawa. Duk mai kaza a kan ƙwai, ko wanda ya ba da kuɗin ’yan tsaki daga Ibadan yana jiran mota, ya saurara. Mako 2 na farko su ne ran tsako. Wanda ya yi sake a cikinsu, kwando zai ɗauka ya kwashe gawa.

Sanyi ne na farko. Tsakon da aka ƙyanƙyashe yau ba ya iya ɗumama jikinsa. A makon farko yana son ɗumi na digiri 32 zuwa 35. Mu kuwa a bakin ruwa muke. Ruwan madatsar Tiga da ke ratsa gonakinmu yana ƙara wa asuba sanyi da raɓa. Ba sai kana da ma'auni ba, su da kansu za su faɗa maka. In sun cure wuri guda suna kuka, sanyi suke ji, kuma na ƙasa za su mutu a danne. In sun guje wa wuta suna haki, zafi ya yi yawa.

Sai kaskon gawayi. Mutane na rufe ɗaki ruf, su toshe ƙofa da buhu. Iskar gawayi ba ta da wari, amma tana kisa. Tana kashe tsaki, tana kashe yaron da aka sa ya kwana da su. A hura gawayin a waje, ya ja, sannan a shigo da shi. A bar kafa a sama.

Ruwan kanal shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. A nan ake wanke tankin feshi bayan an fesa wa tumatir da shinkafa magani. A nan agwagi da tsuntsayen daji ke sauka. Sai a ɗebo a bokiti a zuba wa tsako ɗan kwana 3. Kada a yi. A ba su ruwan burtsatse ko na rijiya mai tsafta, a mazubi marar zurfi, a jefa ’yan tsakuwa don kada su faɗa su jiƙe. Waɗanda suka sha doguwar tafiya a kwali, ruwa za a fara ba su kafin abinci.

Buntun shinkafa yana nan birjik a bakin kowane inji, kusan kyauta. Shimfiɗa ne, ba abinci ba. Tsakon da ya cika ciki da shi yunwa yake kwana da ita. In za a shimfiɗa, a rufe shi da takarda a kwanakin farko. In ya jiƙe, a kwashe, don daga danshi kashin jini ke tasowa. Dusa zalla ma ba ta gina jiki. A sayi abincin tsaki na buhu, ko a haɗa tsakin masara da soyayyen waken suya da garin kifi. Hatsin da ya yi hunhuna guba ne.

Fakat kuma lokacinsa ke nan. Yana shigowa ta kazar da aka sayo a kasuwa aka sake ta a tsakar gida. Ba shi da magani, sai rigakafi. A nemi malamin dabbobi a ba ’yan tsakin rigakafin Lasota, da kuma na cutar Gumboro, a kan lokaci. Rigakafin da ya yini a rana ya lalace.

Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006, ta sake ɓulla a Kano a 2015. In kaji suka fara zubewa da yawa a yini guda, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. Kada a jefa mushe a kanal, don ruwan nan gidan wani za shi. A haƙa rami mai zurfi a binne, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ranar nan.

Don Allah, a gyara ɗaki yau, kafin motar ta iso.