Jaz Ba Baƙo Ba Ne a Kunnen Mutumin Kafanchan

Akwai maganar da ake yawan yi a Kafanchan da kewaye, har daga bakin dattawan da ke koyar da waƙa a majami'u, waɗanda nake ganin girmansu ƙwarai. Wai kiɗan jaz na Turawa ne da 'yan bokon da suka ƙoshi, ba shi da kai ba shi da gindi, kowa tasa yake busawa. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda aka fara kunna wa faifan Ascension na John Coltrane, inda masu busa bakwai ke rangaɗawa lokaci guda kusan minti 40, dole ya toshe kunne. Amma faifai ɗaya ba ya yanke wa kiɗa hukunci, kuma tarihi bai goyi bayan maganar ba.

Baƙaƙen fatar Amurka ne suka haifi jaz a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka aka sayar. Sun haɗa waƙoƙin ibada da na aikin gona da badujalar da ke raka biki da jana'iza a titi. Wanda ya tashi yana jin yaran Boys' Brigade na maci da ganga da begila, ko ya tsaya a filin bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu masu ƙaho suna karɓa wa juna, ya riga ya san harsashin wannan gini.

Shi ya sa nake cewa mai son tara faya-fayai ya fara da Moanin' na Art Blakey, wanda aka ɗauka a 1958. A saurari minti na farko kawai. Bobby Timmons ya jefa kira a piyano, sai Lee Morgan da Benny Golson su amsa da busa biyu gajeru, ya sake jefawa, su sake amsawa. Haka uwar waƙa take yi da 'yan amshi a Zumuntar Mata ranar Lahadi, ana buga tulu ana kaɗa caki. Timmons a gidan limamin coci ya tashi, hannunsa bai ɓoye hakan ba. A Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, tsarin bai canza ba a waƙar So What, sai dai a nan mai bes, Paul Chambers, shi ke kiran. Abin da ake kira ruɗani kuwa yana da doka: ana ƙirga zagaye, kowa ya san inda zai shiga da inda zai ba ɗan'uwansa wuri. Wanda kuma yake ganin jaz kiɗan mashaya ne kawai, ya nemi A Love Supreme na Coltrane ɗin nan dai, wanda ya fito a 1965. Godiya ce ga Allah daga farko har ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke barin namu a baya. Yusef Lateef, Musulmi ɗan Amurka da ya tashi a Detroit, gwanin saksofon da sarewa, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ce ta ɗauke masa hankali. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausawa, aka buga a 1987. A 1983 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, faifan ya fito a 1985 da sunan In Nigeria. Babu piyano mai jan ragama a ciki. Ganguna ne da muryoyi, shi kuma yana ratsawa da busa. Mutumin da ya yi aiki da Dizzy Gillespie ya zo jiharmu neman ilimin busa, mu kuma muna cewa kiɗansa ba ruwanmu da shi!

Ba shi kaɗai ba ne. A 1962 Blakey ya yi The African Beat da Solomon Ilori ɗan Nijeriya, Lateef ma yana ciki. Tony Allen, mai gangar Fela, bai taɓa ɓoye cewa daga sauraron Blakey ya buɗe hannu ba, har ya yi masa faifan girmamawa a kamfanin Blue Note a 2017.

Na yarda jaz yana son natsuwa, kuma ba kowane faifai ne zai shiga ran kowa ba. Roƙona ga iyayenmu masu koyar da waƙa da shugabannin badujala, daga Kafanchan zuwa Zonkwa da Kwoi, shi ne ku ba Moanin' minti goma, ku kira yaranku masu busa su saurara tare da ku. Bayan nan sai ku nemi faifan Lateef.