Daga Yashica Zuwa Tecno: Yadda Kyamara Ke Sauya Fuskar Hoto a Lafia

Tsofaffin hotunan da ke rataye a falukan Lafia kusan zubinsu ɗaya: maigida a kujera, hannuwa bisa gwiwa, uwargida tsaye a gefe, kowa ya natsu. Kyamarar wancan zamani ce ta tsara wannan zama. Yashica mai ido biyu, wadda masu hoton Afirka ta Yamma suka yi yayinta, hoto 12 kacal take ɗauka da naɗin filim guda. Mai hoto yakan riƙe ta daidai cikinsa, ya sunkuya ya leƙa ta sama, shi ya sa mutanen hoton suke fitowa da kwarjini, domin daga ƙasa aka kalle su. Filim da tsada, kuskure asara, don haka sai an gyara karin hula da ɗaurin ɗankwali kafin a ce kada kowa ya motsa.

Ƙaramar kyamara mai ɗaukar hoto 36, haɗe da fitilar filasha, ita ta ƙarfafa wa mai hoto zuwa gidan biki da suna. A Bamako, Malick Sidibé ya yi suna da ɗaukar matasa suna tsakiyar rawa cikin dare a shekarun 1960.

Launin fata ma yana da nasa labarin. Shekaru da dama Kodak yana auna kyawun launin filim ɗinsa da hoton farar mace, sai baƙar fuska ta riƙa dushewa a wanki. Kamfanin da ke ƙera Tecno ya gane wannan giɓi, ya saita kyamarar wayoyinsa ta haska baƙar fata, abin da ya taimaka masa cin kasuwar Afirka.

Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Lafia, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, ana ganin bambancin kyamarori ƙarara. Mai Canon ko Nikon da dogon gilashi yakan tsinto mahayi ɗaya, rawani da kwalliyar doki su fito tar, jama'ar baya su zama hazo. Wayar hannu kuwa tana kwaso taron gaba ɗaya, har da ƙura da masu talla. Jirgi marar matuƙi yana nuna jerin dawakai daga sama.

Haka abin yake a magangarar Farin Ruwa da ke Wamba. Waya takan kama ruwan ɗigo-ɗigo, amma wanda ya kafa kyamara bisa ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko biyu, zai samu ruwan yana zuba sumul kamar farin alharini.