KUMASI, BIRNIN GORO A TSAKIYAR KURMI: ABIN DA BAƘO ZAI GANI BAYAN YA SAUKE KAYA

Babu ɗaurin aure, babu suna, babu sadakar bakwai da za a yi daga Yamai har Damagaram ba a raba goro ba, amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa ganin itacen da ke haihuwarsa. Har waɗanda ke kai albasar Galmi ƙasar Gana, da yawansu ba su san Kumasi ba sai tsakanin tasha da masauki. Wani Alhaji na Maraɗi ya shaida mini ya shiga garin ya fi sau ashirin. Da na tambaye shi ko ya san fadar sarki, sai ya yi dariya ya ce shi fadarsa ita ce bayan kamyo. To, saboda irinsu, da kuma ma'aikatan da ke neman inda za su yi hutu, muka ga ya dace mu zagaya da ku wannan birni, domin rabin tarihinsa na kasuwanci da ƙafar kakanninmu aka taka shi.

TSAKANINMU DA TONAWA

Kumasi ita ce hedkwatar Asante, mutanen da Hausawan da ke kira Tonawa. Sarki Osei Tutu ne ya kafa daularsu a ƙarshen ƙarni na 17 tare da bokansa Okomfo Anokye, kuma a 1701 suka karya Denkyira wadda suke biya wa haraji. Sunan garin daga wani itace ne da ake kira “kum”, ma'ana ƙarƙashin kum. Dukiyar ƙasar zinariya ce da goro.

A zamanin da, ba cikin kurmin fataken Hausa ke sayen goro ba. Tonawa ne ke ɗauko shi a ka zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, can ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke tarar da shi bayan tafiyar watanni, madugu na gaba, jakuna na biye da kanwa da turkuɗi da fatu. Ba za mu ɓoye ba, har da bayi cikin hajar da ake saukewa a Salaga. Duk da haka Musulmi sun samu shiga fadar Kumasi tun da wuri: Baturen Ingila Bowdich, da ya zo a 1817, ya iske malamai kusa da sarki, kuma babbar rigar yaƙi ta sarakunan Asante cike take da layu irin na arewa.

A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta kuɓuce daga hannun Tonawa, a 1892 kuma yaƙin basasa ya watse kasuwarta. Daga nan fatake suka riƙa gangarowa kudu. Da Ingilishi suka kama garin a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, sai zangon Kumasi ya cika ya batse.

KASUWA DA ZANGO

Ɗan kasuwa ba sai an nuna masa hanyar Kejetia ba. Tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma sabon gininta kaɗai ya ɗauki shaguna kusan 8,000. Shawarata ita ce ka ware safiya guda ka shige ta ba don ciniki ba. Ka ga layin atamfa, da na busasshen kifi, da na doya da ayaba da manja, ka lura kuma da cewa mata ne ke riƙe da akasarin cinikin, kowace haja da sarauniyarta mai sasanta rigima da tsayar da tsari. Wanda ya ga silima “Jaguar” ta Jean Rouch, wadda ta fito a 1967, zai tuna cewa a kasuwar Kumasi Damouré Zika da abokinsa Lam suka baza tebur kafin su komo gida Nijar da tsaraba.

A unguwannin zango, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, Hausa ce harshen titi, ko da mai maganar Bagobiri ne, ko Bazabarme, ko Mosi, ko Dagomba. Akwai Sarkin Zango da fadarsa, akwai masallatai da makarantun allo. Nan ne baƙo Musulmi zai ci abinci hankali kwance: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, wadda duk Gana ke kira “waakye” daga kalmarmu ta wake, da dare kuma tuwo. Mai son ɗanɗana sakwarar Tonawa, wato fufu na rogo da ayaba, ya tambayi irin naman da ke cikin miya tukuna, domin naman daji ba baƙo ba ne a tukunyar kurmi.

Masu motoci kuwa kada su bar garin ba su leƙa Suame Magazine ba, unguwar makanikai da maƙera da masu sayar da kayan gyara. Injin da aka yanke wa ƙauna a wani wuri, nan ake kwance shi a ƙera masa abin da ya rasa.

FADA, GANUWA DA TAKOBI

Fadar Manhyia ta farko, wadda Ingilishi suka gina a 1925, ta zama gidan tarihi tun 1995. An gina ta ne don Sarki Prempeh na 1, wanda aka kama a 1896, aka kai tsibiran Seshel, bai komo gida ba sai 1924. A 2024 wasu kayan zinariyar da sojan Ingila suka kwashe a ƙarni na 19 suka dawo wannan gida: 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan, amma a matsayin aro, 7 kuma daga wata jami'ar Amurka, kyauta ba sharaɗi. Mai hankali ya tsaya ya yi tunanin yadda ake ara wa mutum kayan kakansa.

Wanda Allah ya sa zuwansa ya dace da Akwasidae ya more. Biki ne da ake yi ranar Lahadi duk bayan kwana 42, inda sarki, Otumfuo Osei Tutu na 2, wanda ya hau gado a 1999, ke zama a fili ƙarƙashin manyan laimomi, hakimai na zuwa gaisuwa, tambura da ƙahonin hauren giwa na tashi. Wanda ya saba da hawan Sallah a Damagaram zai ga kama, zai kuma ga bambanci: nan babu doki, kuma mai gaida sarki yakan tuɓe takalmi ya sauke mayafi daga kafaɗa. In za ka gaisa da mutane a zaune, daga dama ake farawa. Kada kuma ka sa rai da ganin Kujerar Zinariya. Tonawa sun ɗauka ran al'ummarsu na cikinta, ko sarki ba ya zama a kanta, kuma ba a fito da ita sai a wani babban sha'ani.

Kan wannan kujera aka yi yaƙin 1900. Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya ce a kawo masa ita ya zauna, sai Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta tayar da mazaje, suka tsare shi cikin ganuwar da Ingilishi suka gina a tsakiyar gari. An ci su a ƙarshe, aka kai ta Seshel inda ta rasu a 1921, amma Turawa ba su sami kujerar ba. Ganuwar tana nan, ta zama gidan tarihin soja. Bahaushe in ya shiga ya san cewa cikin sojan da suka tsare wa Bature wannan ganuwa akwai waɗanda ake kira Hausa. Zumuncinmu da Tonawa ba goro kaɗai ba ne, akwai tabo a cikinsa.

A harabar babban asibitin Komfo Anokye akwai takobin da ake cewa bokan nan ya kafa a ƙasa, har yau ba wanda ya iya zare shi. Kusa da nan kuma akwai Cibiyar Al'adu, inda masaƙa da maƙeran tagulla ke aiki a gaban jama'a, kamar yadda muka saba gani a gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Masu son ƙwallo su nufi filin Baba Yara, gidan kulob ɗin Asante Kotoko da ya ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983. Sunan filin ma ya ishe ka sanin yadda zango ya shiga jinin garin.

ƘAUYUKAN KEWAYE

Kwana guda da mota ya isa a zagaya ƙauyukan sana'a. A Bonwire, kimanin kilomita 20 daga gari, ake saƙar kente, ƙyalle-ƙyalle siriri da ake haɗawa kamar saƙinmu, sai dai kowane zane da sunansa da ma'anarsa; UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2024. A Ntonso ana buga zanen adinkra da hatimin ƙwarya da baƙin rini na ɓawon itace. A Ahwiaa ana sassaƙa kujeru. Ciniki wajibi ne a ko'ina, wannan kuwa ba mu za a koya wa ba. A Besease kusa da Ejisu akwai ɗaya daga tsoffin gine-ginen Asante na laka da suka tsira daga yaƙe-yaƙe, waɗanda UNESCO ta karɓa tun 1980.

Kilomita 30 kudu maso gabas, tafkin Bosomtwe na kwance cikin wani kwari zagayayye. Masana sun tabbatar dutse ne ya faɗo daga sama wajen shekara miliyan 1 da ta wuce ya haƙa ramin. Tonawa na girmama ruwan, kuma bisa al'ada masunta ba da kwalekwale suke shiga ba, kan katako suke hawa suna tuƙi da hannu.

KURMIN DA KE JANYEWA

Wanda ke son ganin kurmi na ainihi ya je gandun Bobiri a hanyar Ankara, inda itatuwa ke tare rana da tsakar rana, malam-buɗe-littafi kuma iri wajen 400. Amma a hanya ka dubi koguna. Haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda suke kira galamsey, ta mai da Ofin da Pra ruwan kunu, ta cinye gonakin koko da gandun daji. Itacen goro kuwa ɗan inuwa ne da laima, ba ya rayuwa inda kurmi ya mutu. Mu da muka ga hamada na cin gona, muka kuma ga manoman Maraɗi da Damagaram sun mayar da gawo cikin gonakinsu tun shekarun 1980, mun fi kowa sanin abin da ake asara. In kurmin Tonawa ya ƙare, huhun goro zai gaya mana a kasuwar Tawa.

KAFIN A ƊAURA KAYA

Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, saboda haka matafiyi ya tabbatar da takardunsa cikakku kafin ya tashi, da katin rigakafin shawara da Gana ke nema a iyaka. Dattawanmu ba su manta da Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka dawo sun bar rumfuna da gidaje. Hanyar Burkina ta Wagadugu da Paga da Tamale tana fama da rashin tsaro a wasu sassa, don haka a nemi labari wajen direbobi da jami'an duwan kafin a kama ta. Damina biyu ce a Kumasi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba; a riƙe gidan sauro. Kuɗinsu sidi ne, a canja sefa a wurin da hukuma ta yarda da shi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Alhajinmu na Maraɗi ya yi alkawarin a zuwansa na gaba zai bar yaransa da lissafin buhuna, ya ba garin kwana biyu. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya, da riba da tsaraba. Amin.