Yaron da Tara Ba Ta Isarsa

Hausawa sun ce ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Manya sun yarda da wannan magana, amma akwai yaran da ba su yarda da ita ba ko kaɗan. Su ne waɗanda in malami ya ba su tara bisa goma sai su koma gida da hawaye, alhali ba wanda ya kamo su a ajin. Sau da yawa kuwa yara ne masu kaifin basira, waɗanda iyaye suke alfahari da su. Shi ya sa ba a cika lura cewa suna shan wahala ba.

Yadda za a gane shi

Ba kowane yaro mai ƙwazo ne yake da wannan hali ba. A 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Don Hamachek, ya raba masu son kyautata aiki gida biyu. Na farko yakan yi iyakar ƙoƙarinsa, in ya gama ya ji daɗi. Na biyu kuwa kome kyan aikinsa ba ya gamsuwa, gama tsoron kuskure ne yake kora shi.

Na biyun nan ne abin damuwarmu. Za ka ga yana yage takarda saboda harafi ɗaya ya karkace. Ba ya ɗaga hannu a aji sai ya tabbata da amsa. A jarrabawa yakan daɗe yana gyaran tambayar fari har lokaci ya ƙare bai taɓa ta ƙarshe ba. Wani yakan yi ta jan aikin da aka ba shi, a ce masa malalaci, nan kuwa tsoron farawa yake yi. Wata yarinyar, in tuwonta ya yi gudaji sau ɗaya, ba za ta so ta sāke riƙe muciya ba.

Daga ina abin yake fitowa?

Wani ɓangare halin yaron ne, wani kuwa daga bakinmu yake fitowa. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck na Jami'ar Kolombiya a birnin New York sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara 'yan aji biyar fiye da 400. An ba yaran aiki, sa'an nan aka yabi waɗansu don basirarsu, waɗansu kuwa don ƙoƙarinsu. Da aka ce su zaɓi aiki na gaba, yawancin waɗanda aka yaba don basira suka zaɓi mai sauƙi, don kada su ji kunya. Da aka ba su mai wuya suka kasa, sai suka karaya, har kusan 4 cikin 10 nasu suka ƙara wa makinsu da ƙarya. Waɗanda aka yaba don ƙoƙari kuwa suka fi jurewa.

Yaron da kullum ake ce masa, "Kai ai ba ka faɗuwa," yakan ɗauka ƙaunar da ake yi masa tana rataye ne a kan zuwa na ɗaya.

Ranar da zai bar gida

A ƙaramar makarantar firamare, kamar na Gagarawa Tasha da ƙauyukan Sule Tankarkar da Maigatari, yaro mai basira yana iya yin shekara 6 ba wanda ya ture shi daga na ɗaya. Amma irin waɗannan yara ne ake zaɓa da jarrabawa a tara su wuri guda. Tun 1977, lokacin Jigawa tana cikin Jihar Kano, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A 1990 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar yara masu hazaƙa a Suleja. Jigawa ma ta gina tata a Bamaina, ta wajen Birnin Kudu, zamanin Gwamna Sule Lamido. Ga kuma makarantar kimiyya ta Lautai nan kusa da mu a Gumel.

To, ku yi lissafin da kanku. In aka tara yara 40 a aji ɗaya, kowannensu zakaran garinsu ne, tilas 39 su rasa na ɗaya. Yaron da bai taɓa ɗanɗana kuskure a gida ba, can zai fara gamuwa da shi, ba uwa ba uba kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da iyaye za su yi

1. In ya kawo tara, kada tambayarka ta fari ta zama, "Ina ɗayar?" Ka ce ya nuna maka yadda ya yi ya sami taran. Gyaran ɗayar ya jira gobe.

2. Ka yabi abin da yake hannunsa, wato naci da haƙuri da yin tambaya. Ka rage yi masa kirari a gaban baƙi, kada kuma ka mai da shi bulalar dukan ƙannensa.

3. Ka kai shi gona. Manomin ƙasar Gumel yakan yi binne, ruwa ya sauko, gero ya tsiro, sa'an nan ruwan ya ɗauke shukar ta ƙone. Ba ya zama yana kuka, sai ya sāke shuka. Yaro ya ga haka da idonsa, ya ji ka ce masa karatu ma haka yake.

4. Ka sa shi abin da bai iya ba, kamar ɗinki, ko gyaran keke, ko ƙwallo, inda waɗansu za su fi shi. Da koyo akan iya.

5. Ka yanka masa lokaci. In an ce aikin nan na rabin sa'a ne, lokaci na cika a rufe littafi, ya je ya yi wasa, ya yi barci da wuri.

6. Ka je wurin malaminsa tun kafin ranar ba da sakamako. Ku haɗa baki a riƙa ba shi aiki mai ɗan wuya, wanda zai yi kuskure a ciki ba tare da an yi masa dariya ba.

In kuwa abin ya kai yaro ba ya cin abinci, ba ya barci, ko kullum cikinsa na ciwo ranar jarrabawa, ko ka ji ya ce gara ya mutu da ya faɗi, kada ka ɗauka shagwaɓa ce. Ka zauna da shi, ka saurare shi, ka kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Ya ku iyaye, ba cewa muke yi ku hana yaro ƙwazo ba. Basira baiwa ce, ya kamata a yi aiki da ita sosai. Amma ranar da ɗanku ya dawo da na biyar, ku tarye shi da fuskar da kuka tarye shi da ita ran da ya zo na ɗaya. Yaron da ya san haka ba zai ji tsoron gwada abu mai wuya ba, ba kuwa zai ɓoye muku takardar sakamakonsa ba.