Shinkafa a fadama, tsumburewa a gida: abin da ke hana yaran yankin Haɗejiya girma

Duk wanda ya ratsa fadamun Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a lokacin kaka zai ga shinkafa da kifi da garken shanu. Tun shekarar 2008 aka sanya dausayin cikin jerin wuraren Ramsar masu muhimmanci a duniya. Amma jihar da ke da wannan albarka tana cikin waɗanda yaransu suka fi tsumburewa a Nijeriya. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun gaza tsawon da ya dace da shekarunsu, alhali adadin a faɗin ƙasar kashi 37 ne.

Domin fahimtar lamarin, dole a bambance tamowa da tsumburewa. Tamowa takan zo da sauri: yaro ya rame, damtsensa ya sirance, wani lokaci ƙafafunsa su kumbura. Ana gano ta da tef ɗin awon damtse, a kuma magance ta da haɗin gyaɗa da madara da ake bayarwa a asibiti. Tsumburewa kuwa a hankali take shiga, cikin kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Yaron yana wasa, yana cin abinci, don haka sai a ce gajarta ce ta gado. Bayan wannan lokaci da wuya a gyara ɓarnar, kuma takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage ƙoƙarin yaro a makaranta da abin da zai iya samu idan ya girma.

Cikar rumbu ba ta tabbatar da abin da ke shiga cikin yaro. A gidaje da dama kifi da ƙwai da madara kasuwa ake kai su, a shayar da yaron da ake yayewa koko tsararo. Ba jariri ruwa kafin wata shida, maimakon nonon uwa zalla, yana buɗe ƙofa ga gudawa, kuma kowace gudawa tana zubar da abin da jiki ya tara.

Ruwan kogin ma yana da nasa hannu. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun Kogin Haɗejiya ya sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Idan ambaliya ta zo, kamar ta 2020 da ta 2022, takan shafe amfanin gona, ta gurɓata rijiyoyi, ta yanke hanyar asibiti, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari.

Ƙasar Gwatamala, inda kusan rabin yara suka tsumbure kuma lamarin ya fi tsanani a tsakanin al'ummar Maya, ta ba duniya darasi. Daga 1969 zuwa 1977 masu bincike sun riƙa ba yaran wasu ƙauyukan gabashin ƙasar kunu mai gina jiki. Da aka bibiye su bayan shekaru, mazan da suka sha kunun kafin cika shekara biyu sun fi takwarorinsu samun kuɗin aiki.

An gwada makamancin wannan tunani a Kirikasamma kanta. Tsakanin 2013 da 2019, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, wanda ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar a Jigawa da Zamfara, ya riƙa ba mata masu juna biyu naira 3,500 duk wata, daga baya aka ƙara zuwa 4,000, har yaro ya cika shekara biyu, tare da ilimin shayarwa da ciyarwa. Masu tantance shirin sun gano cewa tsumburewa ta ragu a ƙauyukan da suka amfana.

Ke nan an san abin da ke aiki, saura wanda zai biya. Tallafin ƙasashen waje yana da wa'adi, kula da lafiya a matakin farko kuwa nauyi ne na jiha da ƙananan hukumomi. Rabon katan-katan na maganin tamowa yana ceton rai, kuma yana da sauƙin ɗauka a hoto, amma ba ya hana tsumburewa. Abin da ya kamata a bincika a kasafin kuɗin kowace shekara shi ne nawa aka ware wa mai ciki da mai shayarwa, da ruwan sha, da yashe kogi, kuma nawa aka fitar a zahiri.