Titin Oxford a Manchester: Ayyukan Raya Gari da Amfaninsu

Titin Oxford ya taso daga tsakiyar birnin Manchester na Ingila ya nufi kudu. A bakinsa akwai manyan jami'o'i biyu da babban asibitin Manchester Royal Infirmary, shi ya sa dubban ɗalibai da ma'aikata da masu jinya ke bin sa kullum.

Aikin hukuma da ya fi sauya fasalin titin shi ne wanda aka kammala a 2017. An faɗaɗa hanyar masu tafiya a ƙasa, aka keɓe wa masu keke layinsu irin na ƙasar Holan, sannan aka hana ƙananan motoci bin wani sashe daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Bas ta rage maƙalewa a cunkoso. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mazauna unguwannin Rusholme da Fallowfield waɗanda ba su da mota, ko da yake direbobi sai sun yi zagaye.

'Yan kasuwa ma sun zuba jari. Bayan BBC ta koma Salford a 2011, an rushe tsohon gininta da ke bakin titin, kamfanonin Bruntwood SciTech da Vita suka gina Circle Square a filin: ofisoshi, gidajen haya da dandalin shaƙatawa da kowa ke shiga. Gidajen dai sai mai hali.

Jami'ar Manchester kuwa ta gyara gidan tarihinta da ke kan titin, ta sake buɗe shi a Fabrairun 2023, kuma shiga kyauta ce.