Ƙara Wa Akori-Kura Fitilar Gefe

Kowa a Birnin Tudu ya san akori-kura. Ita ke kwashe mana shinkafa da albasa da tumatir daga gonakin rani, ta kai Talata Mafara ran kasuwa. Ita ke kawo taki. In ciwo ya kama mutum da dare, sau da yawa ita a kan nema. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, kaya suka yawaita a ƙasar Bakura da Maradun da Mafara, motoci kuma suka yawaita. Da fari Peugeot ce ta fi yawa, wadda mu ke kira Fijo. Yanzu ga Toyota Hilux da ire-irenta.

To, yau za mu yi magana a kan wata 'yar fitila. Ba ta kai ƙwan kaza girma ba. Wurinta a gefen mota ne, tsakanin ƙafar gaba da ƙofar direba.

Ku dubi mota da kyau. A kusurwoyinta huɗu akwai fitilu masu launin ruwan goro. Su ne sigina. In direba zai juya dama, sai ya taɓa wani ɗan sanda a jikin sitiyari, fitilun dama su riƙa ƙiftawa. In hagu zai bi, na hagu su ƙifta. Wanda ke gaba ya gani. Wanda ke baya ya gani. To, wanda ke gefe fa?

Nan ne maganar ta ke. A ce direba ya ɗauko buhuna, ya iso Lambar Bakura, ko wata mararraba a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Ga ɗan kabu-kabu ya biyo shi da fasinja. Ya ga mota ta rage gudu, sai ya fito zai wuce. Ya riga ya gota fitilar baya, bai kai ga ta gaba ba. A daidai nan direba ya kunna sigina. Mai babur ba shi da abin da zai gani sai bodi da buhuna. Mota ta juyo, shi kuwa yana nan a cikinta. Direba zai rantse ya ba da sigina, kuma gaskiya ya faɗa. Mai babur zai rantse bai ga kome ba, shi ma gaskiya ya faɗa, in yana da bakin faɗi.

Mu yi ɗan lissafi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Kafin ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya ci mita 50. Kun ga ashe ba shi da lokacin tsayawa ya yi tunani. Sai abin da ido ya gani nan take.

Akori-kura ta fi ƙaramar mota bukatar wannan fitila. Mu kan loda ta har kaya su zarce bodi. Buhu ya leƙo, tamfol ya sauko, ƙofar baya a buɗe an ɗora mata kaya, yaron mota ya zauna ya saki ƙafafu. Duk waɗannan suna rufe fitilar baya. Ga ƙurar hanya, ga hazon hunturu. Wata motar ma fitilar bayanta ta fashe tun bara, an liƙe da leda.

Wani zai ce, ai direba yana da hannu, ya miƙa mana. Haka ne, miƙa hannu yana da kyau. Amma ku tuna, ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Direba yanzu a hagun mota ya ke zaune. Mai keke da ke raɓe da mota ta dama, tsakaninta da bakin hanya, ba zai ga hannun nan ba ko kusa. Da dare kuwa ba mai ganin hannu.

Abin mamaki, siginar farko ma a gefe ta ke. Tsofaffinmu da suka ga motoci irin su Morris Minor za su tuna. Wani ɗan hannu ne mai fitila a ciki, ya kan ɗago daga jikin mota, in an gama juyawa ya kwanta. Fitila mai ƙiftawa daga baya ta zo. Kamfanin Buick na Amurka ya sa ta a motocinsa a 1939, sauran suka bi. Yau dokar ƙasashen Turai ta ce sabuwar mota sai da sigina a gefe. Dokar Amurka ba ta tilasta haka ba. Abin da ta tilasta tun 1970 shi ne wata fitila a gefe mai nuna tsawon mota da dare, kuma a motoci da yawa wannan ba ta ƙiftawa. Don haka kada ku ga fitila a gefe ku ce shi ke nan. Ku kunna sigina, ku fito ku duba. In ba ta ƙifta ba, ba ita ba ce.

Yanzu ga yadda a ke aikin. Mai gyaran wayar mota shi ne gwaninsa, akwai su a Talata Mafara. Amma ya kamata mai mota ya san abin da a ke yi masa, don kada a cuce shi.

A sayi fitilu biyu, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Launinsu ruwan goro. Ban da shuɗi, ban da kore, ban da mai walƙiya kala-kala irin ta gidan biki. Mun ga samari suna son waɗannan. Ado ne kawai, ba su gaya wa kowa inda mota ta nufa, sai ma su ruɗa mutane.

Kafin a taɓa kowace waya, a nemo wadda a ke so. Wayoyi biyu ko uku ne ke shiga fitilar kusurwar gaba. Mai gyara yana da wani ɗan ƙwai na gwaji mai tsini. Sai a kunna sigina, ya riƙa taɓa wayoyin ɗaya ɗaya. Wadda ta sa ƙwan gwaji ƙiftawa, ita ce. Wadda ta sa shi ya kama ya tsaya cik, ta ƙaramar fitilar dare ce, a bar ta. In an gane waya, a kashe mota, a cire kan batir, wanda ke da alamar ragewa. Wannan alama kun san ta a darasin lissafi.

Sa'an nan a huda jikin mota a bayan ƙafar gaba, sama kaɗan, inda taɓo ba ya kaiwa sosai. A leƙa ciki tukuna, kada a huda wata waya. A shafa fenti a bakin hujin don tsatsa. A sa zoben roba a ciki. Kada a raina zoben nan. Bakin ƙarfe yana da kaifi, hanyoyinmu kuwa akwai gargada. Yau da gobe ƙarfe zai yanke rigar waya, wuta ta haɗu da bodi.

Fitilar tana da waya biyu. Ɗaya a haɗa ta da wayar siginar da aka gano. Ɗayar a ɗaure ta da kusa a jikin ƙarfen mota, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya yi fari. Me ya sa? Domin wutar mota zagaye ta ke yi, kamar ruwan rani da ke fita ta babbar kwata ya koma ta magudana. Ta fito daga batir ta waya, ta ratsa ƙwai, ta koma batir ta jikin ƙarfe. In mahaɗin nan ya yi tsatsa, fitila za ta yi dishi-dishi, ko ta ƙi kamawa. Wasu fitilun da a ke cewa sun mutu, ƙwansu lafiya lau, mahaɗi ne ya ci tsatsa.

Inda aka haɗa waya da waya, a yi dalma, a naɗe da salatif na lantarki. Murɗawa da hannu a rufe da leda aikin ganin ido ne. Damina ɗaya ta ishe shi.

Wani zai tambaya, ƙarin fitila ba zai cinye batir ba? Mu lissafa. Batirin akori-kura mai bolt 12 ne. Ƙwan siginar gaba wat 21 ya ke ci, na baya ma 21. Jimla 42. Na gefe wat 5 ne kawai. Jimla 47. Ƙari ne kaɗan, mota ba za ta ji ba. Amma in aka jera manyan ƙwaya uku ko huɗu a kan waya ɗaya, to, an yi wa jaki kayan raƙumi. Fis zai ƙone. Fis kuwa ɗan ƙarfe ne siriri da aka sa da gangan don ya ƙone kafin waya ta ƙone. In ya ƙone, a nemi dalili, sa'an nan a sa wani mai lamba iri ɗaya. Lambar tana rubuce a kansa, ga amfanin karatu. Masu naɗa waya ko takardar sigari a madadin fis, su ne motarsu ke kamawa da wuta a tsakiyar hanya.

In bodin motar dogo ne, ko an yi mata keji na ƙarfe don kaya, a iya ƙara wata fitilar a tsakiyar bodi, a ja wayarta daga siginar baya. A sa ta ƙasa da inda igiya da tamfol ke bi.

Akwai wata ɗabi'a da ba mu so. Wasu direbobi in za su miƙe a mararraba sai su kunna sigina duka biyu. Wanda ke gefe ɓangare ɗaya kaɗai ya ke gani, sai ya ɗauka juyowa za a yi. Kunna duka biyu na motar da ta lalace ne, ko mai gargaɗin hatsari. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna duba sigina in sun tsai da mota, kuma suna da ikon cin tara in ba ta aiki.

In an gama aiki, a mai da kan batir. A gwada da magariba. Direba ya zauna ciki, yaron mota ya tsaya a gefe, daidai inda mai babur zai kasance. A kunna dama. Ta gaba da ta gefe da ta baya su ƙifta tare, na hagu kuwa su yi shiru. A kunna hagu, a duba haka nan. Mai agogo ya ƙirga. Sigina mai lafiya tana ƙiftawa sau 60 zuwa 120 a minti guda. In ta riƙa ƙiftawa da sauri kamar mai tsoro, galibi ƙwai ɗaya ya mutu a wannan ɓangaren. A zagaya a nemo shi, a canja kafin ran Talata.